Ranar da Na Kulle Tagar Yaya

Wallahi da a ce Dogo ya rataye takardar nan tasa a ɗakin kwanansa, da har yau ina nan da mutuncina. To amma Dogo ne. Sai da ya sa aka yi mata firam mai ruwan zinariya, ya kafa ta a bangon da ke kallon titi, daidai saitin kujerar da nake zama a bakin kantar karɓar kuɗi. In na ɗaga kai, ita. In na sunkuya na ɗago, ita.

Gidan abincina da na Dogo titi ne kawai ya raba su. Ni shekarata goma sha tara a wurin, shi ko shida bai cika ba. Abin da ya yi kuwa, famfon makarantar firamaren unguwa ne ya lalace, ya sa aka gyara. Famfo ɗaya tak! Shi ke nan kwamitin unguwa ya taso takanas ya ba shi takardar yabo, wai gidan abincin da ya fi kowa taimakon jama'a. Har da tafi.

Kwana uku abin yana cina. A rana ta huɗu na faɗa kicin, na tafa hannu, na ce kowa ya saurara.

"Ranar Asabar za mu ciyar da mabuƙata kyauta. A bakin titi. Rumfa, kujeru, lasifika, jan kafet, mai hoto. Shugaban kwamiti da kansa zai zo. Zan nuna wa unguwar nan bambancin taimako da gyaran famfo."

Masu wanke-wanke suka kalli juna. Yaya ko juyowa ba ta yi ba, tana ta juya miyarta.

Yaya yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar iyayenmu. Sunana ne a kan allon gidan abincin, amma ludayi a hannunta yake. Duk mai yabon girkina, girkinta ya ci.

A bayan kicin ɗin akwai wata 'yar taga mai kallon lungu, da faffaɗan katako a bakinta. Kullum kafin rana ta take, sai ka ga kuloli da kwanuka masu murfi sun jeru a kan katakon, guda goma sha bakwai. Ba sallama, ba ƙwanƙwasawa. Yaya ta jawo su ta cika su daga tukunyar da ake sayar wa kowa, ta mayar, ta saki labule, ta juya baya. Kafin awa guda babu ko ɗaya. Ta kafa doka cewa duk ma'aikacin da ya ɗaga labulen nan ya leƙa, a bakin aikinsa. Ita kanta kulolin ta sani, ba masu su ba. Ko kuma ta sani ta ƙi faɗa.

Na matsa kusa da ita. "Yaya, mutanen nan naki na taga. Su za mu sa a layin gaba."

"Ba za su zo ba."

"To ai zan rufe tagar ranar. In manna takarda in ce a zagayo gaba."

Sai a lokacin ta ajiye ludayi. "Ka ce me?"

"Haba Yaya, shekara nawa muna ciyar da mutane a lungu, ko kare bai sani ba? Dogo famfo ɗaya ya taɓa duniya ta ɗauka. Kwana ɗaya dai su zagayo, a gaisa, a ɗauki hoto. Yunwa ai za ta kawo su."

"Kai ka san yunwa ne?"

"Ni? Ni da na taso maraya?"

"Ka taso maraya, amma ba ka taɓa kwana da ita ba. Ni na hana ka sani." Ta ɗauki ludayinta. "Ka taɓa min taga, in cire rigar girkin nan in ajiye maka. Ka ji dai na gaya maka."

Na yi dariya. Shekara goma sha tara tana cewa za ta ajiye min riga, ba ta taɓa ajiyewa ba. Na sayo ƙaton kwaɗo, ranar Asabar tun da sassafe kafin ta iso na garƙame tagar ta waje, na manna takarda, na jefa makullin a aljihun sabuwar farar rigar da Tela maƙwabcinmu ya ɗinka min don wannan rana. Da ta iso ta ga tagar ba ta buɗuwa, ta kalle ni kallo ɗaya, ta ɗora tukwanenta. Na ce a raina, ka ga? Ta haƙura.

Matsala ta farko daga kyalle ta fara. Na sa an buga min ƙaton kyalle mai hotona ina riƙe da faranti ina murmushi, na ce a yi shi ya fi allon Dogo girma sau uku. Mai bugawa ya cika umarni har ya wuce. Hancina kaɗai ya kai girman ƙofar mota. Bangona bai ɗauke shi ba, sai muka ɗaure gefe ɗaya a jikin rumfar shagon Tela. Iska na kaɗawa sau biyu, rumfar Tela ta taso da ƙusoshinta ta kwanta a kan kekensa na ɗinki.

Tela ya fito da almakashi a hannu. "Maigida, taimakon jama'ar kenan ka fara da ni?"

"Yi haƙuri, Tela, za a gyara."

"Wa zai gyara? Dogo?"

Muka saukar da kyallen muka jingina shi a ƙasa, ya zamana rabin fuskata a naɗe take. Duk mai wucewa ido ɗaya da rabin haƙora yake gani.

Ƙarfe goma sha biyu komai ya kammala. Kujeru arba'in a jere, jan kafet daga bakin titi har teburina, lasifika a kan sanda, Shugaban kwamiti a kujerar gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tsarin da na yi mai sauƙi ne. Mabuƙaci zai tako kan kafet, ya karɓi faranti daga hannuna, mu gaisa, mu kalli mai hoto, sannan in miƙa masa makirfo ya gaya wa jama'a yadda ya ji a ransa.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi, ba kowa. Na yi jawabina na shafi huɗu, kujeru suka saurara. Wata akuya ta hau kafet ta yi abin da ta yi ta sauka. Can tsallaken titi Dogo ya fito da kujera ya zauna a ƙarƙashin takardarsa yana sakace.

Shugaba ya duba agogo. "Maigida, mabuƙatan suna hanya ne?"

"Suna hanya, ranka ya daɗe. Ka san su da rashin kiyaye lokaci."

Na ja Mai askin layinmu gefe na ce don girman Allah ya samo min mutane. Ya tafi ya dawo da duk wanda ya tarar a shagonsa, ciki har da wani da aka aske masa rabin kai, da tawul a wuya. Bayansu ga Bakanike, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Bakanike ya tako kafet yana washe baki, ya karɓi faranti, ya ƙwace makirfo.

"Jama'a, na ji daɗi ƙwarai. Sai dai naman ya yi kaɗan. Na Dogo ya fi yawa."

Mai hoto ya sauke kyamararsa. "Maigida, wannan ba zai yiwu ba. Duba shi fa. Duk wanda ya ga hoton nan cewa zai yi shi ne ke taimakonka."

"To yaya za mu yi?"

"Nemo siriri."

Na waiga. Siririn mutum ɗaya ne a duk layin, Tela, wanda Allah ya halitta kamar allurarsa. Na je na same shi yana kakkaɓe kekensa.

"Tela, minti ɗaya. Ka karɓi faranti, ka ɗan langaɓe kai."

"Ni? Ni da na aurar da 'ya'ya uku da ƙafar nan tawa a kan keke? Ka rushe min rumfa da safe, da rana kuma ka rushe min suna?"

"Hoto ne kawai."

"Kai ka langaɓe, ni in ɗauke ka!"

Ina cikin lallashinsa sai ga mota ta tsaya. Surukina ne, mahaifin matata, dattijo mai kamala, wanda na gayyata don ya ga irin mutumin da ya ba 'yarsa. Dokar abinci da likita ya kafa masa ta sa ya ɗan rame. Ya fito a hankali da sandarsa, ya ga jan kafet ya ɗauka don shi aka shimfiɗa, ya tako. Ɗaya daga cikin masu rabon abinci ta danƙa masa faranti. Mai hoto ya durƙusa.

"Yawwa baba! Ɗan ƙara marairaicewa. Kalli sama kamar kana godiya."

Na ruga da gudu. "Kai! Surukina ne!"

Mai hoto ya ce, "Allah sarki. Kuma ka bar shi haka?"

Dattijon nan ya ajiye farantin a kan kujera, ya dube ni daga hula har takalmi, ya koma motarsa. Ba a yi minti biyar ba wayata ta fara ruri a aljihu. Matata ce. Ban ɗauka ba, domin na san abin da ke ciki.

Shugaba ya sake duba agogo, ya fara tattara rigarsa. Ni kuwa idona ya rufe. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Na fizgo makirfo, na ja wayarsa har bakin lungun nan, na ƙure murya.

"Jama'ar taga! Mun san kuna nan! Ku daina jin kunya, ku fito gaba! Mai koren kwano, fito! Mai samira biyu a haɗe, fito! Ke ko kai mai shuɗiyar kula, mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya, shekara nawa kana cin abincinmu? Yau dai fito mu gaisa!"

Bakanike ma ya daina tauna. Can ƙarshen lungun na hango bayan wani mutum yana shan kwana da sauri, ya dunƙule wani abu a ƙarƙashin rigarsa. Ban ga fuskarsa ba.

Da na juyo sai na ga Yaya a ƙofar gaba, ita da ba ta taɓa fitowa ta nan ba. Ta cire rigar girkinta, ta ninke ta tsaf, ta tako kan jan kafet ɗina, ta ɗora min ita a kafaɗa a gaban Shugaba.

"Ga kayanka."

"Yaya, ana kallonmu fa."

"Ai abin da kake so kenan."

Ta gyara mayafinta ta wuce.

Kiran da na yi bai fito da mutanen taga ba, amma ya isa tashar mota da ke bayan layinmu. Su kalma ɗaya suka ji, kyauta. Wata doguwar mota ta sauke fasinja a lokacin, sai ga su nan duu, direbobi, masu lodi, matafiya da jakunkunansu. Kujeru arba'in suka cika kafin in ƙifta ido, sauran suka tsaya cirko-cirko. Abin da aka fitar ya ƙare nan take.

Mai rabon abinci ta raɗa min, "Maigida, saura babbar tukunyar miya, kuma Yaya ba ta gama haɗa ta ba."

Na ɗaga murya don Shugaba ya ji. "To sai me? Ni na kafa gidan nan! Girki a jinina yake!"

Na shiga kicin, na ga gishiri na zuba. Na ga wani farin abu a roba, shi ma na zuba, don kada a ce na yi rowa. Daga baya aka gaya min Yaya ta riga ta sa gishiri, farin abin kuwa sukarin masu shan shayi ne. Masu wanke-wanke suka ce bari su kama min tukunyar mu fitar. Na ce su matsa. Hoton da nake so kenan, ni kaɗai ɗauke da tukunyar jama'a.

Na rungume ta da tsumma na fito. Nauyi kamar na ɗauki Bakanike. Na ce wa mai hoto ya shirya. Taku ɗaya, taku biyu, ina murmushi irin na kyalle. A taku na uku ƙafata ta shiga wayar makirfon nan da ni da kaina na ja na bari a kan hanya.

Lasifika ta faɗo daga kan sanda tana kuka. Tukunya ta yi gaba, ni na yi baya. Aljihun rigata ya kama kusurwar tebur, na ji ƙyat, ta yage daga hammata har ƙasa. Allah ya taimake ni miyar ta ɗan huce, amma ba ta bar ko'ina ba, kaina, gemuna, kafet, takalman Shugaba. Na tsinci kaina zaune daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri, takalmi ƙafa ɗaya, da yankin albasa a kunne.

Wani direba ya lakato miyar daga bakin tukunya ya ɗanɗana, ya tofar. "Kai! Gara da ta zube!"

Aka kwashe da dariya, sannan aka fara hayaniya, domin mutum kusan sittin ba su ci ba, har da Shugaba. Wasu sun fara jan kujeru. Ana cikin haka sai ga Dogo ya tsallako titi, ma'aikatansa na biye da shi da manyan tukwane biyu. Ba jawabi, ba lasifika. Ya ce a yi layi, aka yi. Ya zuba wa Shugaba, ya zuba wa direbobi, ya zuba wa mai rabin aski. Daga ƙarshe ya cika faranti ɗaya, ya zo ya sunkuya a gabana.

"Maƙwabci, tun safe ban ga ka sa komai a bakinka ba. Karɓi."

Gaskiya ya faɗa, ko ruwa ban sha ba, cikina har ƙugi yake. Na miƙa hannu biyu na karɓa, na ɗaga kai na dube shi.

"Yawwa!" in ji mai hoto. "Ga shi nan! Tun safe irin wannan nake nema! Kada ka motsa, bawan Allah!"

Ƙyas. Mai hoton da ni na ɗauko.

Bakanike ya tsinto makirfo ya kawo min saitin baki. "Maigida, gaya wa jama'a yadda ka ji a ranka."

Aka sake fashewa da dariya. Ni kuwa na kalli farantin. Shinkafa ce mai kyau, da cinyar kaza a kai, tana tururi. Na ɗebo cokali ɗaya na kai baki. Wallahi tallahi ta ƙi wucewa. Ido ne ko ta ina, kowa na jiran ya ga yadda zan tauna. Yunwa na cina, abinci na hannuna, amma na kasa ci. Na ajiye farantin, na tattare yagaggiyar rigata, na bi ta lungu na gudu.

A lungun na tarar da tagar yadda na bar ta, ga kwaɗona, ga takardata. Katakon wayam. Na laluba aljihu in buɗe, ashe aljihun ma babu shi, balle makulli. Sai da na koma na roƙi Bakanike ya zo da guduma, na tsaya ina kallo yana fasa kwaɗon da na saya da hannuna, yana yi yana tambayata ko a kira mai hoto.

Kafin yamma hoton ya gama zaga wayoyin unguwa. Matata ta gani, surukina ya gani. Bayan mako guda kwamiti ya ba Dogo takarda ta biyu, ya kafa ta kusa da ta farko.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Washegari na buɗe tagar da kaina, ba kula ko ɗaya. Jibi ma haka. Na je gidan Yaya na durƙusa a tsakar gida, ni da furfurata.

"Yaya, na tuba."

"Ba ni ka yi wa ba."

"To ki gaya min su wane ne, in bi su gida-gida in ba su haƙuri."

Ta riƙe baki. "Wai kai kanka ɗaya kuwa? Ka kira su a lasifika bai ishe ka ba, sai ka bi su gida?"

Ta dawo aiki a rana ta uku, amma ta ce ba don ni ba, kuma ba za ta ƙara yi min magana ba sai kulolinta sun cika goma sha bakwai. Ta sa aka wanko mata hoton nan babba, ta manna shi a bangon kicin saman tagar, inda duk na shigo sai mun haɗa ido da kaina.

Suka fara dawowa da ɗaya da ɗaya. Koren kwano ya dawo. Samira biyu ta dawo. Ran kwana goma suka kai goma sha shida, suka tsaya a nan. Kullum Yaya sai ta jera su, ta bar gurbi ɗaya a ƙarshen katako, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Ni da ko famfo ban gyara ba, na kori mutum daga abincinsa. Sati uku ina zama a bakin kanta, na daina ganin takardun Dogo ma, kunnena na can bayan kicin.

Ran nan da rana ina kicin ina yanka albasa, don aikin da aka yarda in taɓa kenan, Yaya ta jawo kuloli. Na ƙirga da ido. Goma sha bakwai. Ta ƙarshen baƙa ce, an shafa mata fenti sabo, an cire wayar an ɗaura tsumma a hannun. Amma a gindinta, inda burushi bai kai ba, ga shuɗi nan yana leƙe. Mai ita sai da ya sauya mata kama kafin ya iya dawowa.

Idona ya cika, kuma ba albasar ba ce. Na buɗe baki. "Yaya, ai wannan ita ce..."

Ta ɗaga ludayi saitin hancina.

"Ita ce wacce?"

Na kalli ludayin, na kalli hotona a bango.

"Ban san ta ba."

"Madalla," in ji Yaya, maganarta ta farko gare ni cikin sati uku. "Miƙo min cinyar kazar can, babbar. Sannan ka juya bayanka."

Na miƙa mata, na juya na fuskanci bango, har sai da na ji labule ya sauka.